Amsoshin Tambayoyinku: Wane kare zan haɗa da Border Collie ɗina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi. Wani Bature da muka yi aiki tare ya bar mini karensa da zai koma ƙasarsu. Border Collie ne, namiji, shekararsa biyu. Ina fita da safe, sai yamma nake dawowa. Ya tone tsakar gida, ya tauna takalman yara, kuma da an buɗe ƙofa sai ya bi ƴan kabu-kabu a guje. Iyalina sun ce kaɗaici ke damunsa. Wani ya ce zai kawo mini mace irinsa daga Kano. In saya, ko in nemi wani iri?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Riƙe kuɗinka tukuna. Tonon ƙasa, taunar takalmi da bin babur duk alamun kare ne da ya rasa aikin yi, kuma in ka kawo masa aboki a wannan hali, mai yiwuwa ya koya wa baƙon ɓarnar su riƙa yi tare.

Makiyayan tumaki na kan iyakar Ingila da Sikotilan ne suka fitar da wannan iri, a ƙasa mai tuddai da sanyi da yayyafi. Mafi yawan waɗanda ake gani yau asalinsu na komawa ga wani kare da ake kira Old Hemp, wanda aka haifa a 1893. Makiyayan nan ba su damu da kyan gashi ba. Karen da ya fi iya kewaye garke daga nesa, ya ji fito ya juya dama ko hagu, ya wuni yana yi bai gaji ba, shi ake bari ya hayayyafa. Kaifin ƙwaƙwalwar irin ya kai ga wata karya a Amurka mai suna Chaser ta haddace sunayen kayan wasa 1,022. Irin wannan dabba ce ka rufe a tsakar gida tun safe har la'asar. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kodayake kai kyauta ka samu taka.

Bin ƴan kabu-kabu da yake yi kiwo ne a wurinsa. Ka lura da shi: zai ƙasƙantar da kai, ya kafa ido, ya kewaya ta gaba don ya tare abin da ke motsi. Haka zai yi wa yara masu guje-guje, har ya kai baki ga diddigensu. Wannan ne ya fi gaggawa a cikin duk abin da ka lissafa, domin ko ya kayar da mai babur, ko mota ta take shi.

Ka ba shi wata biyu na aiki kafin ka yanke shawara. Bayan sallar asuba a fita da shi da doguwar igiya, ya yi tafiya da gudu kafin rana ta ɗaga, a sake fita dab da magariba. Gudu kaɗai ba ya isarsa, sai an gajiyar da kansa. Minti goma sau biyu a rana na koyon "zauna", "tsaya", "zo", "kawo" sun fi masa sa'a guda ta bin ƙwallo. Maimakon zuba masa abinci a kwano, wani lokaci a ɓoye shi a wurare daban-daban cikin gida ya bi da hanci ya nemo. In ba ka da lokaci, ka ɗora wa wani saurayi a gidan wannan aiki, ka riƙa ba shi ɗan abin sabulu. In kana da tumaki a gona ko a garka wajen Gulbi, to ka samu abin da aka halitta shi dominsa, amma a fara da igiya a wuya. Jajayen awakinmu ba sa dunƙulewa kamar tumaki, sukan watse ko su tsaya su kai karo, don haka ba da su ake fara koya wa kare ba. Dabbobin maƙwabta kuwa kada ya kusance su, sai dai in kana son zama gaban mai unguwa.

In wata biyun sun wuce, ya natsu, kuma har yanzu kana ganin zaman wunin ya yi masa tsawo, to aboki zai amfane shi. Amma ni ban ba ka shawarar macen Kano ba. Border Collie na da gashi ninki biyu, na sama da na ƙasa mai laushi, kuma a Afrilu da Mayu zafin Maraɗi na wuce digiri 40. Guda ɗaya ma sai da inuwa, ruwan sha mai sanyi da taje gashi akai-akai yake kai damina lafiya. (Kada a aske shi ƙwal da sunan taimako, rana za ta ƙona masa fata.) Biyu kuwa ninkin wahala ne da ninkin buƙatar aiki. Sannan ba duk kare mai baƙi da fari ne Border Collie ba. Wanda bai nuna maka uwar da takardar rigakafi mai hatimin likita ba, suna kawai yake sayar maka.

Abin da zan nema in ni ne: karyar gida ta ƙasarmu, mai gajeren gashi, wadda ta kai shekara ɗaya zuwa uku. Mace, saboda namiji da mace sun fi zama lafiya fiye da jinsi ɗaya. Babba, saboda halinta ya riga ya bayyana, kana iya ganin yadda take da yara, da kaji, da baƙo, alhali kwikwiyo sai ya girma ake sanin abin da aka ɗauko. Girmanta ya yi kusa da nasa, wato wajen kilo 14 zuwa 20, don kada wasa ya zama rauni. A hali kuma, ka nemi mai sanyin rai wadda ba matsoraciya ba, wadda in ya dame ta da kafa ido da tarewa za ta yi masa gurnani sau ɗaya ta wuce abinta. Matsoraciya zai mayar da ita tunkiyarsa, ya wuni yana kora ta daga lungu zuwa lungu.

Wasu za su ce maka ka nemo Azawak, dogon karen nan siriri na Buzaye da Fulanin arewacin Tawa. Kyakkyawa ne, ya san zafi, kuma a gudu ba Border Collie da zai kamo shi. Sai dai mafarauci ne kuma mai gadi: ba ya sakin jiki da baƙi, yana bin kaji da zabi da kyanwa, yana son fili da katanga mai tsawo, kuma sanyin hunturu na damunsa. A gona ya dace. A gidan cikin gari mai yara da masu shiga da fita, karyar gida ta fi sauƙi.

Tunda mace za ka kawo, ka yi magana da likitan dabbobi a kan fiɗiye namijin ko yi mata aikin hana haihuwa. Cikin karya kwana 63 ne ko kusa da haka, kuma kwikwiyo biyar ko shida a haihuwa ɗaya ba abin mamaki ba ne. Ka kuma tuna haƙƙin maƙwabta, haushin kare biyu da tsakar dare ba ɗaya yake da na guda ba. Ta fuskar addini, hadisi ya ba da izinin karen kiwo, na farauta da na gona. Abin da ya wuce nan ka tambayi malamai.

Ranar haɗa su, kada ka shigo da ita gida kai tsaye, domin gidan nasa ne a ganinsa. Ta fara yin mako biyu a keɓe, a yi mata rigakafin ciwon haukan kare, a ba ta maganin tsutsar ciki, a cire kaska. Sannan mutum biyu su fita da su wani fili da ba na kowa ba a cikinsu, kowa da igiyarsa, a yi tafiya gefe da gefe da ɗan rata, ana matsowa a hankali har su shinshini juna. In jiki ya saki, wutsiya na kaɗawa, a dawo gida tare. In ɗaya ya sandare, gashin bayansa ya tashi, a raba su a sake gwadawa gobe. Makonnin farko kada a bar su su kaɗai ba mai kallo.

Tambaya: Ni mace ce daga Tibiri. Na kawo wa karyata Border Collie aboki, kuma dukansu kaska ta kama su. Mai sayar da maganin dabbobi a kasuwa ya ce zai yi musu allurar da ake yi wa tumaki. Ya dace?

Amsa: Hajiya, kada ki yarda. Allurar da yake nufi galibi ivermectin ce, kuma wadda aka haɗa don shanu da tumaki tana da ƙarfi sosai. Wasu karnukan dangin Collie suna gadon wata tawaya da ake kira MDR1, wadda ke barin maganin ya shiga ƙwaƙwalwa: kare ya fara dalalar da miyau, ya yi tangaɗi, ya makance, wani ya mutu. Tawayar ba ta da yawa a Border Collie kamar a sauran dangin, amma ba a gane mai ita da ido, kuma ko lafiyayyen kare awon tunkiya na iya yi masa illa. Ki kai su wurin likitan dabbobi, ki gaya masa irin karyar, ya ba ki maganin kaska na karnuka bisa nauyin kowanne. Ki sa a share makwancinsu da tsagogin bango, don can kaskar ke ɓuya.

Tambaya: Nawa biyun suna wasa lafiya, amma da an kawo tuwo sai faɗa. Me zan yi?

Amsa: Kwano biyu, wuri biyu, Malam, in da hali da ƙofa a tsakani. Wanda ya gama a ɗauke kwanonsa, kuma kada a jefa ƙashi ɗaya a tsakaninsu. In sauran tuwon gida kake ba su, ka rage miyar da ta sha albasa da tafarnuwa, suna lalata jinin kare, kuma ka cire ƙashin kaza dafaffe domin yana tsagewa a ciki.