Tambaya da Amsa: Me ya sa 7805 ɗina ke ƙona yatsa?

Tambaya: Malam, na haɗa ɗan bodin cajin waya da batirin sola mai bolt 12, na sa 7805, ɗan abin nan mai sauke wuta zuwa bolt 5. Ko minti biyar ba ya yi sai ya ɗau zafi ya yanke wuta. Na canja har uku, duk haka. Jabu ake sayar mana ne? (Wani ɗalibi, Pantami, Gombe)

Amsa: Ƙanena, bar masu shago su sarara, laifin naka ne. Wannan tambayar ta ishe ni, kusan kullum sai an turo ta. 7805 ba ya mayar da rarar wuta ko'ina, ƙona ta yake yi ta zama zafi. Ɗauko biro. Batirinka idan rana ta take yana kai bolt 14. Cire 5, saura 9. Ko rabin amfiya kawai wayar ta ja, 9 sau rabi, wat 4.5 ke nan kake ɗora wa abin da bai fi farcen babban yatsa ba. Shi kuwa idan ba a ɗaura masa ƙarfen shan zafi ba, kowane wat ɗaya yana ɗaga zafin cikinsa da sama da digiri 50, alhali iyakarsa 125. To haɗa da zafin Gombe a Afrilu, lokacin da inuwa ma ke taɓa digiri 40. Wat ɗaya da rabi ma da ƙyar. Yanke wutar da kake kuka da shi kuwa kare kansa yake yi, ya fi ka hankali.

Kuma na san halinku: sai ku kulle bodin cikin robar sabulu, ku naɗe da salatif, ku ajiye ƙarƙashin rufin kwano. Iskar ta ina za ta shiga?

Ka nemi ɗan bodin LM2596, shi ma sauke wuta yake yi. Shi kunnawa da kashewa yake yi cikin sauri, asararsa kaɗan ce. Amma ka sa mita ka murɗa ɗan sukurun har ya nuna bolt 5 kafin ka jona waya, ba bayan ta yi hayaƙi ba. Amfiya 3 da aka rubuta masa kada ka ɗauka da gaske, tsaya ƙasa da 2. Ni dai ba na kunna ƙarfen dalma sai na yi wancan lissafin a takarda.

Tambaya: Na ba 7805 bolt 6, yana fitar da 4 da ɗoriya. Ya lalace? (Mai gyaran rediyo, Kumo)

Amsa: Lafiyarsa ƙalau. Bolt 6 ne ya yi masa kaɗan, ka ba shi aƙalla 7.

Tambaya: Na ɗaure LM317, ɗan'uwan 7805 da ake iya saita bolt ɗinsa, a jikin akwatin ƙarfe don ya sha iska, sai wutar ta ɗauke. (Daga Bolari)

Amsa: Kunnen LM317, wato ƙarfen bayansa da ake ɗaurewa da sukuru, a haɗe yake da ƙafar fitar wuta, ba kamar na 7805 ba. Da ka ɗaure shi, kai da kanka ka haɗa wutar da yake fitarwa da jikin akwatin. Sa 'yar takardar maika, wadda ke hana wuta wucewa, tsakaninsa da akwatin, da wosha ta roba a jikin sukurun.