Tambaya da Amsa: Ni na sha ranar, amma babu sunana a takardar

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin lakcara ne a fannin nazarin zamantakewa a nan Gombe. Bara wani farfesa ya jawo ni cikin binciken da suke yi da wata baturiya kan rikicin manoma da makiyaya, wata uku na yi ina zirga-zirga a mashin ƙauyukan Yamaltu Deba har wajen Dadin Kowa, na yi hira da mutane da Hausa da Fillanci, na zauna na rubuce duk abin da ke rikoda na fassara musu zuwa Turanci. An biya ni alawus ɗina kam. To takarda ta fito a mujalla sunansu su biyu ne a sama, nawa yana can ƙasa wajen godiya. Yanzu sun dawo wai za a yi kashi na biyu. In shiga ko in haƙura?
Daga wani mai karatu, Jekadafari, Gombe

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Wallahi wasiƙarka ta taɓa ni, don wannan shi ne kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi, kuma mai irin aikinka ya san alawus kwana nawa ne ya ƙare, suna a takarda kuwa shi ake ƙirgawa ranar ƙarin girma. Amma shawarata ka shiga, sai dai ba yadda ka shiga na farko ba.

Bari in faɗa maka gaskiya ko ba daɗi. A ƙa'idar da mujallu da yawa ke bi, wadda kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, ICMJE, ya shimfiɗa, tattara bayanai kaɗai ba ya mai da mutum marubuci. Sharaɗi 4 ne: ka taka muhimmiyar rawa wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko fashin baƙinsu, ka sa hannu a rubutun ko gyaransa, ka amince da shi kafin a buga, sannan ka yarda ka amsa tambaya in an samu matsala. To a nan ne suka yi maka ba daidai ba, don ƙa'idar ta ce wanda ya cika sharaɗin farko a ba shi dama ya shiga rubutun, kai kuma ko kira ba a yi maka ba. Kuma ni ban yarda fassara aikin ɗan aike ba ce. Bafulatani ya ce maka pulaaku, wato ɗabi'ar Fulani ta kunya da haƙuri, ko manomi ya ce an cinye burtali, kai ne ka yanke yadda za a faɗe shi da Turanci har baturiyar ta gina hujjarta a kai, ai wannan rabin nazarin ne.

Matsalar ba ta tsaya kanka ba. A 2013 masana sun haɗu a Montreal ta Kanada suka fitar da sanarwa kan binciken haɗin gwiwa, cikin abin da suka ce har da a daidaita maganar sunaye da mallakar bayanai tun farkon aiki. A 2022 kuma taron Cape Town a Afirka ta Kudu ya koma kan masu zuwa daga ƙasashe masu kuɗi su kwashi bayanai su tafi su bar ƴan gida da na gode.

Tun ran gini tun ran zane. Kafin ka sake hawa mashin ɗin nan ka je ofishin farfesa ka gaishe shi da ladabi, kar ka tono na baya da faɗa, ka ce ranka ya daɗe ina so a wannan karon in koyi rubutun, a ba ni sashen hanyar bincike da na sakamako in fara zayyanawa, kuma ina roƙon sunana ya shiga cikin marubuta. In ya amsa, da ka koma gida ka tura masa imel ka sa baturiyar a ciki ka maimaita abin da kuka yi magana, da jerin sunaye, da wa ke riƙe da rikodin, da ko kana da izinin fitar da takardarka daga cikin bayanan. Na san kunya za ta kama ka, mu an tashe mu ba a ciniki da malami, amma imel ɗin nan shi zai hana ku ɓatawa nan gaba. Akwai ma tsarin CRediT da mujallu ke amfani da shi, ya raba aikin bincike gida 14 ana rubuta wa ya yi me, ka nemi a cika shi tare da kai.

In ya ƙi fa? To ka yanke, ko ka yi aikin a matsayin na kuɗi kana sane, ko ka ba da haƙuri. Kuma ka daina ganin sai da bature ake haɗin gwiwa, ga Jami'ar Tarayya ta Kashere kusa da kai, ga Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa (ATBU) a Bauchi da ta Sa'adu Zungur a Gadau, akwai matasa irinka masu lissafin alƙaluma ko taswira da ba su da ƙafar shiga ruga kamar kai, ku haɗu ku nemi tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, ta hannun jami'o'inku.

Abu ɗaya zan roƙe ka. Mutanen da suka bar gona da kiwo suka zauna da kai, a sa kuɗin komawa wurinsu cikin kasafin kashi na biyu, ka tara su gaban mai unguwa da arɗo ka faɗa musu abin da aka gano da harshen da suka yi maka magana.