Jijiya, Tsagar Bango da Ƙwayar Zarra: Amsoshin Tambayoyinku

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan karon sun karkata wajen asibiti da gini da kimiyya, na zaɓi uku. Ta farko daga wata baiwar Allah ce a Mabera, na kuma bar ta da Sakkwatancinta yadda ta rubuto:

"Malam, innata na da ciwon suga. Ƙahwahunta na yi mata zahi da dare awa an hura wuta, ko zane ba ta son ya taɓa su. Da munka tai asibiti anka ce ciwon jijiya na. Ni kau abin da nis sani, jijiya ita ka ɗaukar jini. Jininta na yaɓ ɓaci? Kuma tunda an ce jiki magayi, mi as sa ba mu ganin komi ga ƙahwahun?"

Allah ya ba Inna lafiya, ɗiyata. Ba ke kaɗai wannan kalma ke rikitawa ba, domin abubuwa da yawa ta rungume. Wadda ake ɗaure hannu a nema in za a ɗebi jini, jijiya ce. Mai taurin nan ta bayan dunduniya, wadda ake kira agara, ita ma jijiya ce. Saiwar icce a ƙarƙashin ƙasa ma jijiya ake ce mata. Amma wadda likita yake nufi daban ce: farin zare ne da ya taso daga ƙwaƙwalwa da lakar gadon baya, ya bazu har yatsun ƙafa. Ba jini take ɗauka ba, saƙo take kaiwa da komowa.

Kada wani ya ce talaucin Hausa ne. Girkawan dā da kalma ɗaya suke kiran agara da wannan zare, haka Larabawa da kalmar asab. Sai wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS) wani likita a Iskandariya ta Masar, Herophilus, ya rarrabe su ta hanyar fiɗa. Mu abin da ya rage mana shi ne mu riƙa cika magana: jijiyar jini, jijiyar laka, agara. Likitan da ya ce "ciwon jijiya" ya yi shiru, ya bar mara lafiya a tsakiyar hanya.

Game da jini kuwa, ba ki yi nisa da gaskiya ba. Suga in ya daɗe da yawa a jini yana lalata jijiyoyin laka, yana kuma lalata ƙananan jijiyoyin jinin da ke ciyar da su. Mafi tsawo su ke fara taɓuwa, shi ya sa abin yake somawa daga yatsun ƙafa, kuma galibi ƙafa biyu tare. Kusan rabin masu ciwon suga suna gamuwa da wannan a tsawon rayuwarsu.

Jiki magayi, ana faɗinsa ne ga wanda aka yi wa kashedi ya ƙi ji: a bar shi, jikinsa zai gaya masa. Ɗan'uwansa shi ne jiki ya fi kunne ji. Duka biyun sun ɗauka cewa jiki ba ya ƙarya, kuma ga mai lafiya haka ne. Sai dai magayin ɗan aike gare shi, wato jijiyar laka, kuma a ciwon Inna ɗan aiken ne ya samu rauni. Yakan kawo labarin wuta alhali babu wuta. Akwai waɗanda aka yanke wa ƙafa amma suna kukan yatsun da babu su, likitoci sun daɗe da sanin wannan. Abin da ya fi haɗari shi ne ɗan aiken ya yi shiru: ƙusa ta shiga tafin ƙafa, mutum bai ji ba sai gyambo ya kafu. Yawancin raunukan da ake gani a yatsun masu kuturta ta wannan hanya suke samuwa, domin cutar jijiyoyin laka take kamawa. Saboda haka a duba ƙafafun Inna kullum, har tsakanin yatsu. Kada ta taka yashin bazara ba takalmi, kada ta kusanta ƙafa da kaskon gawayi a hunturu, ruwan zafin alwala kuma a fara taɓa shi da gwiwar hannu.

Inda Hausa ta wadata shi ne sunayen ciwo, kuma abin haushi ne mutum ya je gaban likita ya ce "zafi" kawai, ko ya tattara komai ya ce "sanyi ne". Sanyin nan ya ɗauki laifin da ba nasa ba da yawa. Zogi shi ne mai bugawa yana sakewa, irin na maruru. Suka ta kaifi ce, wuri ɗaya, farat ɗaya. Raɗaɗi shi ne mai ci a hankali bayan ƙuna ko yanka. Sagewa kuwa rashin ji ne. Bambancin suka da raɗaɗi ma a jiki yake: saƙon farko yana bin jijiyoyi masu kube da saurin mitoci da yawa a sakan ɗaya, na biyu yana bin sirara marasa kube masu tafiyar kimanin mita ɗaya a sakan ɗaya. Shi ya sa in kin yi tuntuɓe sukar ke fara zuwa, raɗaɗin ya biyo baya. Ƙuna da fizgar lantarki da sagewa, da jin zafin taɓawar zane, su ne ke nuna wa likita jijiyar laka ce. Farasitamol bai cika yi mata aiki ba. Akwai magungunanta daban, irin su amitiriftilin da gabafentin, kuma na likita ne ya rubuta, ba na saye a bakin kasuwa ba.

Tambaya ta biyu daga wani dattijo magini ce a Runjin Sambo cikin Sakkwato. Ya ce shi ya san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amma ɗansa mai karatun injiniya ya ce masa ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Yana kuma son sanin me ya sa ake kiran lanƙwasar rufin soro bakan gizo.

Baba, karin maganar dai kan zumunci take: sai 'yan gida sun saɓa bare ke samun bakin magana. Amma wanda ya fara yin ta ya kalli bango da kyau, kuma yaronka ma bai yi ƙarya ba. Siririyar tsaga a kan filasta, ta bushewa, ba ta kai ga ƙashin gini ba. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga tana ƙara faɗi, sau da yawa harsashi ne ke nutsewa ta gefe ɗaya. Wadda ta bi layin rodi da jan tsatsa a bakinta ita ma ba ta wasa ba ce. A nan ƙadangare shi ne baƙo mafi sauƙi. Ruwa ne mugun baƙo: ya shiga, rodi ya yi tsatsa, tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta ci cika wuri, sai ta tura kankare ta fasa shi daga ciki. In kana shakka, shafa ɗan siminti a gicciye kan tsagar ka rubuta kwanan wata. In ya sake tsagewa, tana da rai, a kira injiniya.

A 1921 wani injiniya a Ingila, A. A. Griffith, ya nuna da zaren gilashi cewa nauyi yana taruwa ne a bakin tsaga, kuma in ta kai wani tsawo sai ta zarce da kanta. A 1954 jiragen sama biyu ƙirar Comet suka tarwatse a sararin samaniya kusa da Italiya. Bincike ya gano gajiyar ƙarfe da ta soma daga kusurwoyin ƙofofin da aka yanka a jikin jirgin. Shi ya sa ba ka ganin tagar jirgin sama mai kusurwa tsaye a yau.

Bakan gizo kuwa sunan wanda ke fitowa a sama bayan ruwa ne aka ara, saboda siffa. Hikimar ita ce laka tana jure danni, ba ta jure ja. Azara, wadda ake tsagowa daga giginya kuma gara ba ta cika samun ta da sauƙi ba, tana jure ja da lanƙwasa, amma in an shimfiɗa ta ba ta ɗaukar rufi a faɗin da ya wuce kimanin mita biyu. Sai magina suka riƙa ɗora ta hawa-hawa daga bango biyu, kowane hawa ya ɗan zarce na ƙasa, a ɗaure da igiya a lulluɓe da laka, har su haɗu a tsakiya. Da haka Babban Gwani Muhammadu Durugu ya rufe masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Kankare ma halin laka gare shi: jan da yake jurewa bai wuce kimanin kashi ɗaya cikin goma na dannin da yake jurewa ba. Aikin azara shi rodi ke yi, tun da wani mai lambu a Faransa, Joseph Monier, ya yi rajistar tukwanen fure na siminti da waya a 1867. Don haka ne a tsakiyar linta rodi ke zama ta ƙasa, a barandar da ta fito ba ginshiƙi kuma ta sama. Wanda ya juya su ya kashe kuɗin ƙarfe a banza. A zafin Sakkwato kuma sai an yi ta ba sabon kankare ruwa, domin ba bushewa ke ba shi ƙarfi ba, haɗuwar siminti da ruwa ce, kuma a kwana 28 ake auna ƙarfinsa.

Ta uku daga wani ɗalibin kimiyyar fiziks ce a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Yana tambayar asalin ƙwayar zarra, da abin da za a kira waɗanda suka fi ta ƙanƙanta. Ya ƙara da cewa wani abokinsa ya yi masa ba'a, wai masu nazari da alƙalami kawai ba su ga komai ba, gani kuwa ya kori ji.

Ɗana, zarra biyu ce a Hausa, kada ka haɗa su. Akwai ta "ya yi zarra a aji", wato ya fi kowa, wannan ta fi kusa da zarce. Taka kuwa daga Larabci ta zo, kuma ta ƙarshen Suratul Zalzala yawancinmu muka san ta. Masu tafsiri na dā sun fassara ta da ƙaramar tururuwa, ko ƙurar da ake gani a hasken rana in ya ratso ɗaki. Daga nan muka samu "ko ƙwayar zarra ban ji tsoro ba". Sai a zamanin nan Larabawa suka ɗora ta kan atam, wato ɗan mitsitsin ƙwayar da ake haɗa kowane abu da ita, mu ma muka bi. Tafsiri na malamai ne, ni dai ta fuskar harshe nake cewa a lura da lokacin da kowace ma'ana ta shigo kalma. Abin da ya fi kusa da tunanin atam a karatunmu na zaure shi ne jauharul fardi na malaman tauhidi, wato yankin da ba ya ƙara rabuwa. Sunan atam ma a Girkanci abin da ba ya yankuwa yake nufi.

Ya kuwa yanku. Ƙwayoyin zarra kimanin miliyan goma za su jeru a milimita ɗaya, amma a 1897 J. J. Thomson ya gano elektaron a cikinta, a 1911 Ernest Rutherford ya gano cibiyarta, a 1932 James Chadwick ya gano niyutaron. A 1964 Murray Gell-Mann da George Zweig suka ce furoton da niyutaron, waɗanda su ne ke cikin cibiyar, su ma haɗi ne na wasu ƙanana, su ne kwak, kuma har yau ba a taɓa ware kwak ɗaya shi kaɗai ba.

Abokinka ya yi wa karin maganar karatun gaggawa. Jin da gani ke kora shi ne jita-jita, an ce ka ce. Lissafi ba an ce ba ne. A 1928 Paul Dirac ya rubuta lissafin da ya kai ga hasashen tagwayen elektaron mai kishiyar caji, aka same shi a 1932. Peter Higgs da wasu suka yi hasashen tasu ƙwayar a 1964, ba a tabbatar ba sai 2012, a cibiyar binciken kimiyya ta CERN kusa da Janiba ta Suwizalan, cikin zoben rami mai tsawon kilomita 27. Ko a nan ba da ido aka gan ta ba, nan take take rushewa, sawun abin da ta bari aka ƙirga. Abdus Salam na Pakistan ya samu kyautar Nobel a 1979 tare da Sheldon Glashow da Steven Weinberg kan irin wannan aiki na alƙalami. Duk da haka abokin naka bai tashi a tutar babu ba. A 1974 an fito da wani lissafi mai kyau da ya ce furoton zai rushe wata rana, aka gina manyan tankunan ruwa a ƙarƙashin ƙasa a Amurka da Japan ana dako, ba a ga ko ɗaya ya rushe ba, aka ajiye wancan lissafi.

Batun suna, ka bar ƙwayar zarra ga atam tunda ta riga ta zauna a bakin mutane, tsakiyarta ka ce cibiyar zarra. Elektaron da furoton da kwak ka are su yadda muka ari siminti da rodi, ka rubuta su da haruffanmu. In kana son sunan da zai tattara su duka, ƙwayoyin asali ya isa ga waɗanda ba a san sun rabu ba, irin elektaron da kwak. Furoton bai shiga cikinsu ba, tunda haɗi ne.