Baƙon taro ya kira ɗaliba ɗakinsa: me kwamiti zai yi?

Tambaya: Hajiya, ina cikin kwamitin shirya wani taron ƙara wa juna sani a nan Damagaram. Bara wani babban baƙo ya dinga kiran wata ɗaliba da dare, wai ta same shi a masaukinsa su duba takardarta. Ta ƙi zuwa, amma washegari ba ta ƙara shigowa zauren ba. Da muka ji, sai wasu suka ce a rufa asiri. Bana me za mu yi?

Amsa: Ƙanwata, na ji daɗi da kika yi wannan tambaya tun kafin a buga takardun gayyata, domin gyaran nan tun daga shiri ake fara shi.

Ki tambayi kanki inda ya samu lambarta. Kusan kullum daga takardar sa hannu ne, wadda ake zagayawa da ita saboda kuɗin zama. Suna, wurin aiki, lambar salula, duk a shafi guda, tana bi hannu hannu. Na taɓa ganin mutum ya ɗaga salularsa ya ɗauki hoton shafin kafin ya miƙa wa na kusa da shi. Bana ku ajiye takardar a bakin ƙofa, hannun mutum ɗaya, lambobi kuma a wani shafi dabam.

Sannan ku faɗa da baki a wajen buɗe taro, gaban manya da ƙanana, cewa duba takarda da maganar aiki a zaure ake yin su ko a farfajiya, ba a ɗakin kwana ba. Idan doka ce ta kowa, yarinya tana iya cewa "kwamiti ya hana", ba sai ta kalli sa'an mahaifinta ta ce masa a'a ba. Tarbiyyarmu ta koya mata kunyar babba, ga shi kuma makinta ko aikin da take nema yana hannunsa. Nauyin ya fi ƙarfinta ita kaɗai, dole ku ɗauke mata shi.

Ku ware mutum biyu, mace da namiji, masu riƙon amana, ku nuna su kowa ya gan su. Wadda ta kawo kuka a zaunar da ita, a saurare ta har ta gama, kada a fara da "me kika saka?" A ce mata kada ta goge saƙonnin WhatsApp, ta lura da rana da lokaci. Kuma kada a kai maganar gaba sai da saninta.

Za ki ji ana cewa wasa ne. Mu nan mun san wasa, mun san yadda Babarbare da Bafillace ke sharar juna kowa na dariya. Wasan da ɗaya ke dariya ɗaya na sunkuyar da kai ya tashi daga wasa. Haka ma kiran mace mai digirin dakta "yarinya", ko katse ta tana tsakiyar bayani, ko aiken ta ɗauko ruwa alhali a kan teburin masu jawabi take. Shugaban zama ne zai tsawatar nan take, cikin ladabi.

Masu cewa a rufa asiri su sani cewa tun shekarar 2003 dokar hukunta laifuka ta Nijar ta mai da matsa wa mutum da umarni ko barazana don neman lalata laifi, kuma hukuncin ya fi tsanani ga wanda ya yi amfani da muƙaminsa. Dokar ƙwadago ta 2012 ma ta haramta shi. Yarjejeniya mai lamba 190 da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta amince da ita a Janeba a 2019 ta fito fili cewa tafiyar aiki, bita da taro duk cikin fagen aiki suke, kuma kariyar ta haɗa da masu koyon aiki da masu neman sa.

Ita kuma ɗalibar bara, ki neme ta da kanki, ba ta hannun kowa ba. Ki gaya mata abin da kuka canja, ki tambaye ta ko tana son gabatar da takardarta bana. Baƙon nan kuwa, kada sunansa ya shiga jerin waɗanda za ku gayyata.