Amsa ga malamar da ta yi tambaya kan bikin karatu da ayyukan mako a aji

Assalamu alaikum. Ƙanwata, na karanta tambayarki, inda kika ce darakta ya ɗora miki nauyin shirya bikin karatu a lakwal ɗinku ta nan Damagaram, kuma kina neman shawara kan abin da za ki riƙa yi da yara kowane mako kafin ranar ta zo. Na daɗe ina riƙe da ƙananan azuzuwa, daga CI zuwa CE2, wato aji ɗaya zuwa aji huɗu na firamare, shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani, Allah ya sa ya yi amfani.

Ki fara da ayyukan mako, ki bar maganar biki zuwa baya, domin abin da yaro zai nuna a gaban iyayensa ranar biki shi ne abin da ya tara a ranakun da babu mai kallonsa. Na taɓa halartar wani biki a wata lakwal inda aka jera yara da sababbin kaya, kowa ya riƙe littafi yana zuba Faransanci babu gargada, jama'a suna ta tafi. Wani dattijo daga cikin baƙi ya karɓi littafin hannun wata yarinya, ya buɗe wani shafi dabam ya miƙa mata, sai ta tsaya cak, ko layi ɗaya ba ta iya haɗawa ba. Hadda aka ba su. Yaranmu suna da ƙarfin hadda ƙwarai, makarantar allo ta horar da su a kanta, kuma baiwa ce, amma ita ce take ɓoye wa malami yaron da bai san baƙi da wasali ba. Binciken PASEC na 2014, wanda ya auna karatun ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna cewa a Nijar yaran ƙarshen firamare da suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su kai ɗaya cikin goma ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan yara sun iya rera abin da ke kan tabulo tare da ƴan ajinsu.

Saboda haka aikinki na makon farko shi ne ki san wanda ya iya da wanda bai iya ba, ɗaya bayan ɗaya. Ki rubuta haruffa, gaɓoɓi, kalmomi da wani ɗan gajeren labari a kan kwali guda, ki riƙa kiran yaro gefe yana karanta miki na minti ɗaya yayin da sauran suke aiki a kan allunansu. Idan ajinki ya kai yara saba'in ko tamanin, kamar yadda aka saba gani a cikin gari, kada ki ce sai kin gama a rana ɗaya. Goma ko goma sha biyar kowace safiya sun isa. Ki rubuta matakin kowa a kaye ɗinki, ki raba su rukuni uku: masu neman haruffa, masu haɗa gaɓoɓi, da masu karanta jimla. Kada ki sanya wa rukunan suna mai nuna gwani da dolo, domin yara ba su mantawa da irin wannan, kuma za su kai shi har gida.

Abin da ya fi yi mini aiki a cikin mako shi ne tatsuniya da ake rubutawa. Ranar Juma'a nakan ce kowa ya je ya roƙi kakarsa ko innarsa tatsuniya ɗaya. Ranar Litinin yaro ɗaya ya tashi ya faɗi tasa, ko ta Gizo da Ƙoƙi ce ko ta kura da ɗan akuya, ni kuma ina rubuta jimla biyar ko shida daga bakinsa a kan tabulo, da Hausa, yadda ya faɗe su. Wannan rubutun shi ne abin karatunmu na makon. Talata mu tsinci kalmomin da suka fara da harafi ɗaya, mu yanka su gaɓa-gaɓa a kan allo. Laraba in goge wasu kalmomi in canja musu wuri, in ga wanda yake kallon rubutu da wanda yake bin kunnensa. Wannan ita ce ranar da masu hadda suke bayyana, kuma ba na yi musu faɗa, sai dai in mayar da su rukunin da ya dace da su. Alhamis ba na sa sabon abu mai nauyi, domin ranar babbar kasuwa ce a Zinder, kuma akwai yaran da iyaye suke riƙewa don talla ko tsaron rumfa. Maimaici muke yi da kacici-kacici da karin magana a rubuce. Juma'a kowa ya kwafe labarin a takarda, ya zana hotonsa. Idan kika ɗinke waɗannan takardu da zare da allura, kika yi musu bango da kwali, bayan wata uku ajinki yana da littattafai goma sha biyu da yaran suka san daga bakinsu suka fito.

Na san wani zai ce ai Faransanci za a tambaye su a gaba, me ya kawo Hausa. Wannan gardama tsohuwa ce, kuma a garin nan aka fara amsa ta: a Zinder aka buɗe lakwal ta farko ta gwajin koyarwa da Hausa da Faransanci a 1973, dokar ilimi ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta, kuma tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa a hukumance, Faransanci da Ingilishi suka zama harsunan aiki. Ni dai abin da na gani a aji shi ne yaron da ya gane cewa b da a suna ba da ba a cikin kalmar da ya sani ba ya sake koyon wannan dabara, sai dai ya koyi inda Faransanci ya saɓa. Wuraren saɓanin kuwa sanannu ne, kuma gara ki ware musu lokaci tun da wuri: c da muke karantawa a cikin ciki da cokali ba haka take a Faransanci ba, sautin u na Hausa da haruffa biyu ake rubuta shi a can, ga kuma haruffan ƙarshen kalma da ba a furtawa. Idan kin samo littattafan Hausa daga Kano, ki nuna wa yara cewa harafin da muke rubutawa ƴ su da 'y suke rubuta shi, don kada ya ruɗe su.

Ki nemi malamin CM1 ko CM2, wato aji biyar ko shida, ku daidaita, rabin awa a mako manya su zo kowa ya zauna da ƙarami ɗaya ko biyu a inuwa suna karatu. Babba yana jin kunya ya yi tuntuɓe a gaban ƙanensa, don haka shi ma yakan gyara nasa. Littattafan kuma ki ajiye su a akwatin ƙarfe, a ɗora shi kan bulo, musamman idan ajinku rumfar zana ce, saboda gara da ƙura.

Game da ranar biki, mutane da yawa suna zaɓar 23 ga Afrilu saboda ita ce ranar littafi ta duniya da UNESCO ta ware. Ban ba ki shawarar haka ba. A ƙarshen Afrilu zafin Damagaram yakan wuce digiri 40, ruwa yana wahala a unguwanni da dama, yara suna makara saboda ɗiban ruwa, washegari kuma 24 ga wata hutun ranar haɗin kan ƙasa ne. Ranar yaƙi da jahilci, 8 ga Satumba, tana faɗawa cikin babban hutu. Wadda ta fi dacewa da mu ita ce 21 ga Fabrairu, ranar harshen uwa, ko wata rana kusa da ita: sanyi ya fara sauƙi, zafi bai kama ba, kuma daga shiga aji a Oktoba kin sami wata huɗu na aiki. Ki dai duba kalanda tukuna, domin azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara.

Bikin kada ya wuce awa biyu, a fara da ƙarfe takwas. Ki roƙi darakta da ladabi ya taƙaita jawabai, domin na sha ganin manya sun cinye lokaci da gaishe-gaishe har rana ta take, yaran da aka taru dominsu suka karanta cikin gaggawa iyaye suna ta watsewa. Abin da za a karanta kada yaro ya san shi kafin lokacin: ki zuba gajerun rubuce-rubuce a cikin ƙwarya uku bisa matakan nan uku, uwa ko uba ya zaro, yaro ya karanta. Mai gaɓoɓi ya karanta gaɓoɓinsa a tafa masa kamar kowa. Kowane yaro ya samu abin da zai karanta da bakinsa, ko da a ƙananan da'irori ne a gindin bishiya, kowace da'ira da malami ɗaya da iyayen yaran, sannan a haɗu a tsakiya don wasan kwaikwayo guda da aka ciro daga tatsuniyoyin aji. Idan akwai yaron da ya iya ajami, a ba shi dama ya karanta, kuma ki gayyaci malamin makarantar allo ta unguwa tare da mai unguwa da liman. Iyayen da suke ɗari-ɗari da boko sukan saki jiki idan sun ga an girmama wancan karatun. Ƴan CM kuma su rubuta ɗan tarihin gari da kansu, kamar zamanin Sarki Tanimun da ganuwar Birni, ko yadda Zinder ta riƙe babban birnin ƙasa har 1926.

Maganar kuɗi ki kai ta gaban kwamitin kula da makaranta na CGDES da ƙungiyar uwaye tun wata guda kafin ranar, a rubuce, kowa ya ga abin da za a saya. Hayar lasifika da kujeru da rumfa ita take cinye kuɗi, alhali tabarmi daga gidaje sun wadatar. Abin da aka tara a sayi kaye da bik da alli da sabulu, da randar ruwan sha. Kyauta kuma a kasa ta biyu: kaɗan ga waɗanda suka fi kowa iyawa, mafi yawa ga waɗanda suka fi matsawa daga inda suke a Oktoba, kuma kaye ɗin da kika rubuta matakin kowa a makon farko shi zai zama shaidarki idan wani uba ya tambayi dalilin da aka ba ɗan maƙwabcinsa aka hana nasa. A makon da ya biyo bayan biki ki sake gwajin minti ɗaya, ki sauya rukunan, ki ci gaba da tatsuniyar Litinin har zuwa Yuni. Allah ya ba da sa'a, ya yi wa yaran albarka.