Kafin ka karɓi makullin tirela: amsoshin wasiƙunku

Tunda kaka ta shigo, wasiƙun da ke zuwa mini duk suka koma na babbar mota. Ban yi mamaki ba. Wanda ya bi ta Tudun Hatsi a 'yan kwanakin nan ya ga tireloli sun yi layi ana loda masara da wake, ya ga direba ya miƙe ƙafa a wurin mai shayi ya sa an soya masa ƙwai huɗu, dole ransa ya biya. Kwanan da direban ya yi a ƙarƙashin mota kafin ya iso ne ba ya gani. Na ɗauki biyar, sauran ku yi haƙuri sai mako mai zuwa.

Wani matashi daga Bajoga ya rubuto: "Malam, shekarata 21. Wani ya ce in ba shi kuɗi da hoto zai kawo mini lasin tirela cikin kwana uku, ba sai na je ofis ba. In ba shi?"

Ka ba shi mana, in kuɗin ne suka yi maka yawa. Lasin da ba a ɗauki hotonka da zanen yatsunka a ofis ba, kwali ne da fenti. Na gaske hanyarsa ɗaya: makarantar tuƙi da hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta amince da ita, gwajin jami'an duba motoci na VIO, ɗaukar hoto da yatsu, sannan a ba ka takardar wucin gadi ta kwana 60 kafin katin ya fito. Tirela rukunin G take, kuma lasin haya ba a ba wanda bai kai shekara 26 ba. To shi mutumin naka, shekara biyar ɗin da suka rage a wace kasuwa zai sayo maka su? Na bogi yakan wuce shinge goma ba a gane ba. Ranar da tsautsayi ya faɗa kuwa, ranar za a buga lambarsa a kwamfuta a ga babu kai, mai mota ya zame, inshora ta zame, a bar ka da 'yan sanda. Ka je ka yi lasin ƙaramar mota ta hanyar da ta dace, ka nemi direban kirki ka bi shi yaron mota.

Ta biyu daga Kumo take, kuma ita ce za ta ci mana wuri: "Baba, shekara huɗu ina yaron mota, yanzu na samu lasina. Wurare biyu sun kira ni. Wani Alhaji mai tirela DAF uku, yana kai hatsi da shanu Kudu, zai riƙa ba ni kuɗin gas da na hanya a dunƙule, abin da ya rage nawa ne, kuma an ce ana samu sosai. Ɗayan kamfanin jigilar siminti ne, albashinsu kaɗan, suna neman mutum biyu da za su tsaya mini, kuma sai na yi watanni ina bin wani direba. Ina son aure baɗi. Wanne zan ɗauka?"

Ɗana, Allah ya sa albarka a lasin. Shekara huɗu kana ɗaukar waigi kana ɗaure tamfol ba wasa ba ne. Amma na karanta wasiƙarka sau biyu, ka gaya mini kuɗi, ka gaya mini aure, ba ka gaya mini ko tayar mota ɗaya ba. Ni kuwa da taya nake auna maigida.

Ka je inda Alhajin nan yake ajiye motocinsa, ranar da ba ya nan. Ka durƙusa a gindin tayar gaba. Kowace taya tana da ranar haihuwa a gefenta, lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019 ke nan. FRSC shekara huɗu take ba taya daga ranar da aka ƙera ta, ko da ba ta taɓa taka kwalta ba. Yanzu kasuwa cike take da tayar gwanjo wadda Turawa suka gama da ita suka yar, a wanke ta, a shafa mata mai tana sheƙi, wata ma a sake yanka mata zane da ƙarfe mai zafi har ana hango waya. Wata an goge lambar gaba ɗaya, kuma wanda ya goge ya san abin da yake ɓoyewa. Mai mota ya saya yana murna ya yi riba. Shi ba zai zauna a kanta ba. Kai za ka zauna a kanta da lodin da ya wuce ƙa'ida, a zafin watan Afrilu, kwaltar Bauchi zuwa Gombe tana tiriri. Tayar baya in ta fashe ana iya lallaɓawa a sauka gefe. Ta gaba in ta fashe, sitiyarin ya tashi daga hannunka, sai dai salati.

Ba labari aka ba ni ba. Maigidana na farko irin wannan ne, mutum mai fara'a, mai yawan kyauta a bainar jama'a. Gaba kaɗan da Alkaleri tayata ta tarwatse da lodin masara, na sauko da tayar ajiya na tarar ita ma ta tsage a gefe. Lokacin wayar hannu ba ta zo ba, sai da na sa yarona a motar haya ya koma Gombe da takarda. Ya dawo washegari da amsa ta baki: wai in yi dabara. Kwana uku muka yi a wurin, garin kwaki da ƙuli muke jiƙawa a murfin galan, da dare mu kwana da ido ɗaya saboda buhunan mutane. Da na dawo gida aka zare kuɗin tayar daga haƙƙina, aka ce gudu nake yi.

Bayan taya, ka sa a tayar da injin ka ga minti nawa iskar birki take ɗauka kafin ta cika, a kashe ka kasa kunne ko tana tsiyaya. Ka leƙa ƙarƙashin bodi ka ƙirga ƙafa nawa ne birkinsu ke aiki. Akwai masu motar da in tukunyar birki ta lalace, maimakon su saya, sai su ce bakanike ya toshe bututun. Wata tirelar kan motar ne kawai ke da birki, duk bodin da ke bayanta tura ka yake yi. Ka tambayi bakaniken da ke yi masa gyara ko yana biya a kan lokaci, ka tambayi mai faci. Sannan ka nemo direban da ya bar motar kafin kai, ka saya masa shayi, ka yi shiru ka saurara. Motar nan ba haka kawai ta rasa direba ba.

Sai maganar kuɗi a dunƙule, wadda ita ce ta fi jan hankalinka, ni kuma ita ta fi ba ni tsoro. In aka ce abin da ya rage na gas naka ne, an mayar da kowace lita abokiyar gabar ranka. Nan direba ke koyon sa mota furi a gangara don ya tsira da gas ɗin sayarwa. Wanda ya taɓa sauka gangaren Hawan Kibo na hanyar Jos da lodi ya san abin da nake nufi. Birkin tirela da iska yake aiki, injin ne ke cika iskar. In ka cire giya injin ya koma zaman banza, iska ba ta cika da sauri, injin ba ya riƙe motar, kai kuma kana ta taka birki har ya yi zafi ya daina kamawa. Gangara da ƙaramar giya ake saukarta, tun daga sama ake sa ta. Wannan tsarin dunƙulen ne kuma ke sa a ɗora mutane a saman buhuna ko a tsakanin shanu don a ƙara na cefane, abin da hukuma ta hana, kuma duk mun san yawan gawar da ake kwasa in irin motar ta kife. Dokar hanya kilomita 60 a awa ta yanke wa tirela a babban titi mai hannu biyu, 50 a sauran manyan hanyoyi. Wanda ake biya da yawan zuwa ba ya tuna wannan.

Ka kuma tambayi Alhaji, a gaban shaidu: in sa ya mutu a hanyar Legas, wa zai biya? In buhu ya yi gibi? In mota ta kwana biyar a Ogere, matsayar tireloli a hanyar Legas, ana jiran kayan gyara, wa zai ciyar da kai da yaronka? Kayan suna da inshora? In ya ce haba, ai mu 'yan'uwa ne, ba sai an rubuta ba, ka gode masa ka tashi. Wanda yake da niyyar cikawa rubutu ba ya ba shi haushi. A rubuta a ofishin ƙungiyar direbobi, kowa ya riƙe kwafi.

Kada ka ɗauka na wanke kamfani. Su ma suna yankan albashi in buhu ya fashe, suna sa na'urar bibiya su kira ka in ka tsaya cin abinci, kuma za ka yi kwanaki a layin lodi ba ko kwabo. Akwai kuma abin da yara da yawa ba su sani ba: motar da kake gani tana fitowa daga Ashaka ko Obajana da siminti ba lallai ta masu masana'antar ba ce, da yawa na 'yan kwangilar jigila ne. Ka duba sunan wa ke kan takardar ɗaukar aikin, don shi za ka bi ranar rigima. Ka tambayi asibiti, ka tambayi fansho. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, don haka ba ta shafi mai DAF uku.

In da ɗana ne kai, kamfanin zan tura ka shekara biyun farko, muddin takardarsu ta gaske ce kuma tayarsu ta ci jarrabawar da na faɗa. Watannin bin wani direban da kake ganin ɓata lokaci, su ne ribar. Sunanka zai shiga takarda, gobe ko'ina ka je kana da abin nunawa. Auren kuma a yi shi daidai ƙarfi, lefe ba ya tsere wa kowa.

Wata uwa daga Azare ta ce: "Ɗana ya gama sakandare, ya nace sai ya bi mota. Ni tsorona ƙwaya da abokan banza. Ko barci ba na yi."

Hajiya, ki kwantar da hankalinki, tsoronki a kan hanya yake kuma babu laifi a cikinsa. Sana'ar nan ta gina gidaje, ta kai iyaye Makka, ki dubi Potiskum kawai. Hana shi ba zai yi ba, gudu zai yi ya bi wanda ba ki sani ba. Abin da ke hannunki shi ne zaɓar masa maigida. Ki sa kawunsa ko wani babba ya nemo direba mai iyali, wanda aka san gidansa da masallacin da yake salla, a kai yaron hannu da hannu kamar yadda ake kai almajiri wurin malami. Yaron mota abin da direbansa ke sha shi yake sha. Direban da ke tsayawa ya yi barci in ya gaji, yaronsa ba zai san tiramadol ba. Wanda ke tuƙi dare biyu a jere da jan ido, shi ne ke aiken yaro sayo ƙwayar, wata rana yaron ya ɗanɗana. In ya dawo daga tafiya ki zauna da shi ki ba shi abinci da hannunki, ki dubi idonsa da yadda yake ci. Ki karɓi lambar direban da ta matarsa. Allah ya tsare miki shi, ya sa ki ci moriyarsa.

Daga unguwar Jekadafari wani ya turo hoton talla da ya gani a Facebook, wai ana ɗaukar direbobin tirela zuwa Kanada, a tura kuɗin fom ta asusun wani mutum, yana tambaya ko gaskiya ne.

Kai da ba ka taɓa juya tirela da baya a tashar Gombe ba, Kanada ce ta rasa direba sai kai? Kamfanin da ke neman direba ba ya karɓar kuɗin fom a asusun mutum ɗaya. Haka masu buga tallan bogi da sunan manyan kamfanonin siminti suke yi. Ka goge saƙon.

Ta ƙarshe daga wani dattijo a Darazo: ɗan ƙanensa ya samu aikin tanka, an ce ya tsaya masa, har ana neman ya ajiye takardar gonarsa.

Yaya, tsayawa ɗan'uwa alheri ne, amma ka san abin da kake sa wa hannu. Tankar mai ɗaya lita 33,000 take ɗauka, wata 45,000, ka buga da kuɗin lita na yau ka gani ko gonar za ta biya. Ka sa wanda ya iya karatu, ba yaron ba, ya karanta maka takardar ya faɗa maka iyakar abin da za a bi ka, da ko ya haɗa da haɗari ko sata kaɗai. Kwafin takardar gona ya ishe su, ta asali ta zauna a akwatinka. Kuma in yaron bai taɓa tuƙa busasshen kaya ba, ni ban yarda ya fara da tanka ba. Mai yana kai-komo a cikin tanki, a kwana yana jan mota gefe, a birki yana tura ta gaba. Ya yi shekara biyu da siminti ko hatsi tukuna, sannan ku sake zama.