Tambaya da Amsa: Wai me ya haɗa ɗan injiniya da kwas ɗin Turanci?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni ɗan aji ɗaya ne a jami'a, injiniyanci nake karanta, da na je rajistar kwasa-kwasai sai na tarar an maƙala min wani GST 111 wai Turanci ne, alhali na ci Turanci a WAEC na kuma yi shi a JAMB. Wani ɗan aji uku ya ce min kar ma na wahalar da kaina zuwa lakca, ana saura kwana biyu jarabawa na haddace tsofaffin tambayoyi shikenan. Don Allah gaskiya ne? Daga mai karatu a Gusau.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanina. Da farko dai ka tambayi wannan yayan naka nawa ya ci a kwas ɗin kafin ka ɗau shawararsa.

Kwas ɗin nan ba jami'arku ce ta ƙirƙiro shi ba, hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ce ta wajabta shi a kan kowane ɗan aji ɗaya ko likitanci yake yi ko Larabci, kuma a manhajar CCMAS da ta ƙaddamar a Disamba 2022 yunit 2 gare shi. Suna ne ke bambanta, a BUK ka ji ana cewa GSP, a ABU kuma GENS. In ka faɗi ya zama kariyoba, kuma ba ka fita da digiri sai ka goge shi, ka dawo kana aji biyu ka tsugunna cikin sabbin yara a babban ɗakin lakca ana cunkoso ga zafi. Yawancin jami'o'i tes da asainmen suna ɗaukar maki 30 ne ko 40 sauran na jarabawa, kuma da yawa a dokarsu sai ka halarci kashi 75 cikin 100 na lakca kafin ka zauna jarabawa, duk da ba kowane malami ke tsanantawa ba.

Abin da ke ciki kuwa, akwai furuci, wanda mu da muke mayar da P ta koma F ai ba ma ce ba mu buƙata ba, akwai nahawu da aya da waƙafi, da yadda ake ɗaukar not a aji da taƙaita dogon rubutu da wasiƙar ofis da rahoto. Amma ni a ganina zuciyar kwas ɗin sakin layi ne. A ce an ba ka rubutu kan ƙarancin ruwa a hostel, ɗalibi sai ya faro da tarihin Najeriya ya gangaro kan tsadar mai ya zagi gwamnati, shafi ya cika bai ce komai ba. Abin da ake so ka iya shi ne jimlar farko ta faɗi magana ɗaya, misali rashin wuta ne ke hana famfon hostel kawo ruwa, sai jimlolin da ke biye su kawo hujja, ƙarfe nawa ake ɗauke wutar, yaya layin bokiti yake da asuba, nawa ake sayen jarka wajen 'yan garuwa. Ka gama wannan sannan ka buɗe wani sakin layin. Ka rubuta, ka ajiye, gobe ka dawo ka karanta da ƙarfi za ka ji inda ya karkace.

Sai maganar kwafe. Ɗauko rubutun wani daga intanet ko ka sa ChatGPT ya yi maka ka manna sunanka satar fasaha ce, a nan ne ake koya maka yadda za ka faɗi abu da kalmominka ka kuma ambaci mai shi.

JAMB zaɓi ka cika ne, ba ta taɓa sa ka rubuta shafi guda ba. Kai kuma injiniya akwai rahoton lab duk sati, akwai SIWES, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata, da za ka cike logbuk ka kawo rahoto, ga furojet na ajin ƙarshe da sufabaiza zai bi da jan biro. Tsofaffin tambayoyin ka neme su, suna taimakawa musamman in CBT, wato jarabawa a kwamfuta, ake yi muku, amma ka riƙa zuwa lakcar, kuma ka je da wuri don kujerun gaba ne kawai ake jin muryar malami.